Andrew Carnegie, Ɗan Masaƙin Da Ya Rabar Da Dukiyarsa

Mutumin da na ke so in ba ku labarinsa a wannan fitowa wani Bature ne, sunansa Andrew Carnegie. Dalilin da ya sa na zaɓe shi ba don yawan dukiyarsa ba ne, gama an yi attajirai kafinsa, an kuma yi bayansa. Abin da ya ja hankalina shi ne, ya zauna ya yi dogon tunani a kan abin da yawancinmu ba mu tsayawa mu auna, watau in mutum zai yi kyauta don amfanin jama'a, ina ya kamata ya sa ta, ina ne kuma bai kamata ba. Mu da za mu fita mu zama malamai a garuruwa da ƙauyuka, ba makawa wata rana za a kawo mana takardar neman taimako, ko a sa mu cikin kwamitin tara kuɗi, don haka labarin nan bai yi nisa da mu ba.

An haife shi ran 25 ga watan Nuwamba, 1835, a wani gari wai shi Dunfermline cikin ƙasar Sikotilan. Ubansa William masaƙi ne, da hannu ya ke saƙa. Ana nan sai injunan saƙa suka yawaita, sana'ar hannu ta mutu, gida ya shiga wani hali. Uwarsa Margaret ita ta riƙe gidan da ɗan ciniki da ɗinkin takalma. Da abin ya faskara, cikin 1848, suka sayar da kayansu, suka ciwo bashin fam 20, suka shiga jirgin ruwa sai Amurka, suka sauka a Allegheny, daura da birnin Pittsburgh. Karatun Andrew na makaranta ya tsaya ke nan. Aka sa shi aiki a masaƙar auduga, yana canja kwarkwaron zare tun da asuba har dare, a kan dala 1 da santi 20 a mako. Daga nan ya zama masinja a gidan waya, ya koyi karanta waya da kunne, abin da mutane kaɗan suka iya a lokacin.

A nan ne wani abu ya faru wanda ya bi shi har tsufa. Akwai wani mutum a Allegheny, Kanar James Anderson, yana da littattafai wajen 400. Sai ya buɗe ƙofarsa ga yara ma'aikata, kowace Asabar yaro ya zo ya ari ɗaya, Asabar mai zuwa ya mayar ya ɗauki wani. Andrew ba ya fashi. Bayan an mai da littattafan nan hannun wasu, aka ce yaran da ba su ƙarƙashin wani maigida na sana'a sai sun biya dala 2 a shekara, sai ya rubuta wa jaridar garin takarda yana ƙorafi, shekarunsa 17, har aka janye dokar. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda ya yi arziki ba zan tsawaita ba. Cikin 1853 wani babba a kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania, Thomas Scott, ya ɗauke shi akawu a kan dala 35 a wata, ya kuma koya masa sayen hannun jari. Jarinsa na farko ma sai da uwarsa ta jinginar da gidansu aka sami kuɗin. Ya bar aikin jirgi cikin 1865, ya shiga ƙera gadoji, sa'an nan ya ga sabuwar hanyar narka ƙarfe ta Bessemer a Ingila, ya komo ya kafa babbar ma'aikata a Braddock, ta fara aiki cikin 1875. Amurka kuwa a lokacin tana shimfiɗa hanyar dogo ta ko'ina. Kafin ƙarshen ƙarnin nan ba wanda ya kama ƙafarsa a sha'anin ƙarfe. Cikin 1901 ya sayar wa J. P. Morgan da kamfanin duka a kan dala miliyan 480, rabonsa shi kaɗai ya haura miliyan 200.

Tun cikin 1868, yana da shekara 33, ya rubuta wa kansa wata 'yar takarda cewa nan da shekara biyu zai bar neman kuɗi, ya koma karatu da taimakon jama'a, don yana tsoron son kuɗi ya lalata shi. Shekara biyun nan sai da ta zama talatin da 'yan kai. Amma tunanin bai bar shi ba, cikin 1889 ya buga maƙala biyu a wata mujallar Amurka ya bayyana ra'ayinsa. A ganinsa hanya uku ce mai dukiya ke da ita. Ko ya bar wa 'ya'yansa, wannan kuwa ya ce sau da yawa lalata su ta ke yi. Ko ya yi wasiyya a raba bayan ransa, wannan ma bai yaba ba, gama wanda ya ba da abin da ba shi da ikon tafiya da shi bai yi abin a zo a gani ba, kuma ba ya nan balle ya ga ko an bi nufinsa. Ta uku ita ce ya raba da hannunsa tun yana da rai, ya sa mata irin hankalin da ya sa wajen tarawa. Har ya goyi bayan gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan gadon manyan attajirai, ya kuma ɗauki mutuwa a kan tulin dukiya abin kunya.

To, a sa ta ina? A nan ne ya yi tsanani. A lissafinsa, cikin kowace dala 1,000 da a ke bayarwa da sunan taimako, 950 ba a sa su inda ya kamata ba. Bai yarda da miƙa wa mai bara kwabo ba tare da an san halinsa ba, wai wannan mai bayarwa ne kawai ke neman sanyin zuciyarsa. Abin da ya ke so shi ne a kafa abin da mai ƙoƙari zai taka ya hau da ƙafarsa. Ya jera wurare bakwai: jami'a, ɗakin karatu na kyauta, asibiti da makarantun likita, lambunan shan iska, zaurukan taro da kiɗa, wuraren wanka da iyo, sa'an nan ginin coci a can ƙarshe. Limaman Kirista da yawa ba su ji daɗin ganin an sa su bayan wurin wanka ba.

Ni a nan ban bi shi duka ba. Makaho da gurgu da tsohuwar da ba ta da kowa, wace matakala za su hau? Mai jin yunwa yau ba littafi zai ci ba. Musulmi da Kirista duk an hore mu da ciyar da irin waɗannan ba tare da dogon bincike ba, ina kuwa ganin daidai ne. Amma inda ya ce a duba abin da kyauta za ta haifar bayan shekara goma, ba daɗin da za a ji ran bikin bayarwa ba, nan kam da wuya a ka da shi.

Ɗakunan karatu su ne aikin da aka fi saninsa da shi, tushensu kuwa littattafan Kanar Anderson ne. Na farko a garinsu Dunfermline aka gina, uwarsa ce ta aza harsashin cikin 1881, aka buɗe cikin 1883. Daga nan zuwa 1929 an gina 2,509 da kuɗinsa, 1,689 daga ciki a Amurka, saura a Ingila da Sikotilan da Ayalan da Kanada da wasu ƙasashe. Abin lura shi ne sharaɗin. Gini kaɗai ya ke biya. Dole gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawari a rubuce cewa kowace shekara zai fitar da ushirin kuɗin ginin daga harajinsa don littattafai da albashin ma'aikata da gyara, kuma ba za a karɓi ko anini daga mai karatu ba. Garin da aka gina wa na dala 10,000, watau ya ɗaura wa kansa dala 1,000 ke nan duk shekara. Magatakardansa James Bertram shi ke duba takardun roƙo, ba ya kuwa sakin kuɗi sai an amsa tambayoyinsa a kan yawan mutanen gari da abin da su ke iya ɗauka. Da ya ga wasu garuruwa suna ɓarnar kuɗin a kan ginshiƙai da ƙubba, sai ya sa a riƙa kawo masa zanen gini ya gani tukuna.

Hikimar wannan ba ta ɓuya ga duk wanda ya taɓa ganin famfon da wani mai kirki ya kafa a ƙauye, ya lalace bayan damina biyu, aka rasa mai sayen ɗan ƙarfen da zai tashe shi. Abin da gari bai sa kuɗinsa ciki ba, ba ya ɗaukarsa nasa. Haka ya yi da majami'u masu roƙon babban abin kiɗan nan da a ke kira ogan: ya taimaka an sayi fiye da 7,000, amma galibi rabi ya ke biya, su nemo rabi. Sai dai sharaɗin nan na barin gari ya tafiyar da abinsa yana da nasa aibi. A kudancin Amurka, inda a ke wariyar launi a zamanin, garuruwa da yawa sun karɓi ginin suka hana baƙar fata shiga, shi kuwa bai tilasta musu ba, iyaka a wasu wurare ya ba da kuɗi an gina wa baƙaƙe nasu dabam. Ya dai ba makarantar Tuskegee ta Booker T. Washington dala 600,000 cikin 1903.

Yanzu sai tabon da ke jikin labarin, wanda bai kamata a tsallake ba. Kuɗin nan daga ina suka fito? Ma'aikatansa da yawa sa'a 12 su ke yi a gaban wuta kowace rana. Cikin 1892, shekara uku kacal bayan maƙalun nan nasa, aka yi niyyar rage lada a ma'aikatarsa ta Homestead, ƙungiyar ma'aikata ta ƙi. Shi ya tafi hutu Sikotilan, ya bar abin a hannun Henry Frick, wanda ya rufe ma'aikatar, ya ɗauko 'yan gadi masu bindiga 300 ta kogi. Ran 6 ga Yuli aka yi artabu, mutum wajen goma suka mutu, gwamna ya aiko soja, kafin ƙarshen shekara an karya ƙungiyar. Bayan shekara shida ya buɗe wa garin Homestead katafaren ɗakin karatu. Wanda ya yi sa'a 12 a bakin wuta, yaushe zai karanta? Shi hujjarsa ita ce, in an ƙara wa lebura 'yan kuɗi kaɗan a ci da sha za su ƙare, amma in an tara su a hannun mai hangen nesa za su zama abin da zai daɗe. Ni dai wannan hujja ba ta shige ni ba, gama hakkin mutum ba a yi masa kyauta da shi. Wasu ma sun nuna haka tun a lokacin: a garin Wheeling ƙungiyoyin ma'aikata suka tashi tsaye, cikin 1904 aka jefa ƙuri'a aka ƙi karɓar ginin.

Akwai kyautarsa guda da ta shafi sana'armu. Da aka sa shi cikin masu kula da jami'ar Cornell, ya yi mamakin ganin manyan malamai ba su kai wasu akawunansa albashi ba, in sun tsufa kuma ba su da madogara. Cikin 1905 ya ware dala miliyan 10 don fenshon malaman jami'a. Nan ma da sharaɗi: makarantar da ke ƙarƙashin ikon wata ɗariƙar coci ba ta shiga, haka wadda ba ta kai wani matsayi na karatu ba, har makarantu da dama suka gyara tsarinsu don malamansu su samu. Amma lissafin bai fita ba, masu cin fensho suka fi ƙarfin asusun. Cikin 1918 aka sake tsari, malami ya riƙa zuba nasa, makaranta ta zuba nata, a tara masa. Wannan ya ɗore.

Ba duk abin da ya zaɓa ne ya yi albarka ba. Ya kashe kuɗi shekara da shekaru a kan sauƙaƙa rubutun Turanci, abin bai karɓu ba. Wanda ya fi cin ransa kuwa shi ne zaman lafiya tsakanin ƙasashe. Ya ware dala miliyan 10 cikin 1910 don hana yaƙi, ya biya dala miliyan 1 da rabi aka gina fadar sulhu a birnin Hague ta ƙasar Holan, aka buɗe ta cikin 1913. Shekara guda bayan haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Tun daga nan tsohon bai sake komawa daidai ba. Ya rasu ran 11 ga Agusta, 1919, a garin Lenox, bayan ya rabar da wajen dala miliyan 350.

Kafin haka ya riga ya gane cewa dukiyar tana haihuwa fiye da yadda hannunsa ke iya rabawa. Saboda haka cikin 1911 ya kafa wata hukuma a New York, ya danƙa mata dala miliyan 125, ya kuma ba amintattunta izini su canja hanya in zamani ya canja, ya ware wani kashi don Kanada da ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Ta wannan ƙofa ce kuɗinsa suka iso Nijeriya. Da taimakonta aka buɗe ɗakin karatu na Legas cikin 1932, ko da ya ke shi sai an biya kuɗin shiga, don haka Turawa suka fi cin moriyarsa, saɓanin sharaɗin mai dukiyar. Ita ce ta ba da kuɗin kafa sashen koyon aikin ɗakin karatu a jami'ar Ibadan, ita ce kuma ta ɗauki nauyin kwamitin Ashby, wanda ya duba ilmi mai zurfi a ƙasar nan daga 1959 zuwa 1960. A kan shawarar kwamitin nan ne aka kafa manyan makarantun horon malamai na farko a Legas da Ibadan da Zariya da Owerri a farkon shekarun 1960, daga baya ta Ibadan ta koma Ondo.