Dominik Lare, Likitan Da Ya Kai Asibiti Bakin Daga

Duk wanda ya taɓa jin jiniyar motar asibiti ta tsallaka gadar Kogin Kaduna a guje, ko zuwa asibitin sojoji na 44 ko wani asibitin, ya ga jikar wata dabara da wani likitan soja ɗan Faransa ya fara. Sunansa Dominik Lare.

An haife shi a 1766 a wani ƙauye cikin duwatsun kudancin Faransa. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne. Yana da shekara 13, wato sa'an mu 'yan aji biyu, ya zama maraya. Sai ya taka da ƙafa har birnin Tulus wajen baffansa likitan fiɗa don ya koyi aiki, tafiyar da ta fi daga nan zuwa Zariya nisa.

A 1792 Faransa ta shiga yaƙi, aka tura Lare bakin daga. Abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A lokacin, ana ajiye likitoci da kayansu can baya nesa da fagen fama. Sojan da harsashi ya samu yana nan kwance inda ya faɗi sai an gama faɗa, wani lokaci kwana guda ko fiye. Kafin a zo kansa jini ya ƙare ko rauni ya ruɓe. Da yawa ba harsashin ne ya kashe su ba, jiran ne.

Lare ya lura da yadda dawakai ke jan igwa a guje daga wuri zuwa wuri. Sai ya yi tunani: in ana iya gaggauta abin kisa haka, me zai hana a gaggauta abin ceto? Ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi, masu katifa a ciki da sifirin a ƙasa saboda gargada. Mai taya biyu yana ɗaukar mutum biyu, mai taya huɗu yana ɗaukar huɗu. Likitoci suna bin su har inda ake harbi, su ɗaure rauni nan take, sannan a kwashe majinyata. Da ya bi Napoliyon zuwa Masar a 1798, keke ya kasa tafiya cikin rairayi, sai ya koma ga raƙuma. Aka rataya wa raƙumi manyan kwanduna biyu, dama da hagu, kowanne da mai rauni a ciki.

Amma a ganina dokar da ya kafa ta fi keken muhimmanci. Wanda rauninsa ya fi tsanani shi za a fara dubawa, ko kurtu ne, janar kuwa ya jira in nasa ƙarami ne. Har sojan abokan gaba ma haka. Ku tuna a zamanin da talaka ba ya haɗa layi da mai sarauta ne. Wannan tsarin ake bi yau a sashen gaggawa, shi ya sa ake wucewa da wanda ya yi haɗari a gaban waɗanda suka zo tun asuba, ko da suna gunaguni.

Aikin ba daɗi. Babu allurar barci a lokacin, mutum yana ji yana gani ake yanke masa ƙafa, don haka saurin hannu shi ne tausayi. A yaƙin Borodino na ƙasar Rasha a 1812, an ce ya yi yanka wajen 200 cikin kwana ɗaya. A hanyar komowa daga Rasha, wajen tsallaka kogin Berezina cikin mugun sanyi, mutane suna tattake juna a kan gada. Da sojoji suka gane shi, sai suka ɗaga shi sama, suka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu har ya haye.

A 1815 aka ci Napoliyon da yaƙi a Watalu. Sojojin Furushiya, wani yankin Jamus ta yau, suka kama Lare da rauni a jikinsa, suka shirya harbe shi. Ana dab da haka wani likitansu da ya taɓa sauraron darasinsa ya shaida shi. Aka kai shi gaban babban kwamandansu, Blucher. Ashe shekara biyu kafin nan an kama ɗan wannan kwamanda da mummunan rauni, kuma Lare ne ya yi masa magani ya rayu, alhali ɗan abokin gaba ne. Blucher ya sake shi, ya ba shi abinci, ya sa aka raka shi.

Napoliyon ya bar masa faran 100,000 a wasiyyarsa. Lare bai zauna hutu ba. Yana da shekara 75 ya tafi Aljeriya duba asibitocin sojoji, ya dawo ba lafiya, ya rasu a birnin Liyon ranar 25 ga Yuli, 1842.