Al-Jazari, maƙerin da ya sa ruwa ya kaɗa bandiri

Yau tarihin wani maƙeri na kawo mana. Ya bar duniya fiye da shekara 800 da suka wuce, amma duk yaron da ke haɗa wayoyin kayan kiɗa a gidan biki, nan Tahaggart ko sauran unguwannin Tamanrasset, sawunsa yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Sunansa Badi'uz Zaman Abul Izz Isma'il bin Razzaz al-Jazari. Badi'uz Zaman laƙabi ne, ma'anarsa wanda ba shi da na biyu a zamaninsa. Al-Jazari kuwa jingina shi aka yi ga al-Jazira, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da na Furat. Kada kamar sunan ta ruɗe mu, ba Aljeriya tamu ake nufi ba. Masu tarihi suna sa haihuwarsa a 1136, rasuwarsa a 1206.

Ya yi aikinsa a fadar sarakunan Artuƙ, wani gidan sarauta na Turkawa. A 1183 Salahuddin al-Ayyubi ya ci birnin Amid, wanda yau ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya, ya damƙa shi ga sarki Nuruddin Muhammad. Al-Jazari ya yi wa wannan sarki aiki, ya yi wa ɗansa Kuɗbuddin Sukman, sannan ɗaya ɗan, Nasiruddin Mahmud. Shi da kansa ya faɗa a gabatarwar littafinsa cewa shekara 25 ya yi yana hidimar gidan. Wata rana ya kawo wa Nasiruddin wata na'ura da ya ƙera. Sarki ya duba ta da kyau, sai ya umarce shi da ya tattara abubuwan da ya ƙera a littafi guda, don kada wahalarsa ta tafi a banza. Aka kammala littafin a shekara ta 602 bayan Hijira, wato 1206. An fi saninsa da Kitab fi Ma'arifatil Hiyalil Handasiyya.

Na'ura 50 ke ciki, kashi shida: agogon ruwa da na kyandir, kwanonin zaman sha na fada, butocin alwala da tasoshin auna jinin tsaga, maɓuɓɓugan ruwa na ado da kayan busa masu busa kansu, injinan ɗaga ruwa, sai kashi na ƙarshe mai ɗauke da ƙofar fada da makullai. Wadda ta fi suna ita ce agogon giwa. A cikin giwar akwai tankin ruwa, bisa ruwan ga kwano mai ɗan ƙaramin huji. Cikin rabin awa kwanon yakan cika ya nutse, ya ja igiya, ƙwallo ya faɗo daga bakin shaho zuwa bakin maciji, nauyinsa ya sunkuyar da macijin ya jawo kwanon sama, mahayin giwa ya buga, a sake sabon lale. An ƙera babban kwafinta a kasuwar Ibn Battuta da ke Dubai.

Ni dai wadda ta fi ɗaukar hankalina wani ɗan jirgin ruwa ne da ya yi don a ɗora bisa tafkin fada lokacin da sarki ke shaƙatawa da baƙinsa. A kan jirgin akwai mutum-mutumin makaɗa mata huɗu: mai sarewa, mai wani irin molo mai tsirkiya da yawa, da masu bandiri biyu. Ruwa na ɗiga daga tanki zuwa cikin wani guga da aka rataye yadda in ya cika zai kife da kansa. Da ya kife, ruwan ya zubo kan wili mai cokula, wilin ya juya wata sanda. A jikin sandar an kakkafa 'yan turaku. Duk turken da ya zagayo sai ya taɓa wani ƙarfe da ke haɗe da hannun makaɗiya, hannu ya ɗaga ya sauka kan bandiri. Ruwan da ya wuce kuma ya shiga wani mazubi, ya koro iskar ciki ta bakin usur, sai a ji kamar mai sarewa ce ke busa.

To, a lura da dabarar. Abu uku ya raba, kowanne da aikinsa. Ruwa ke riƙe lokaci. Turaku ke riƙe tsarin bugu, domin inda aka kafa turke nan za a ji bugu, inda babu kuwa shiru. Bandiri shi ke ba da sauti. Farfesa Noel Sharkey na Jami'ar Sheffield a Ingila ya ƙera irin wannan na'ura da turakun da ake iya cirewa a sake musu wuri, ya nuna cewa da an matsar da turke kiɗa ya sauya, ba tare da an taɓa makaɗiya ko bandirinta ba.

Wannan rabo uku shi ne cikin na'urar jera bugu da samarinmu ke kira sikwensa. Galibi maɓallai 16 ne a jere, wani ɗan haske na bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai na 16 ya dawo na farko. Maɓallin da ka danna, turke ka kafa. Danna na 1, na 5, na 9 da na 13, ka sami bugu huɗu masu tazara daidai. Matsar da na 13 zuwa na 12, tafiyar kiɗan ta sauya nan take. Injin ganga na kamfanin Roland mai suna TR-808, wanda ya fito a 1980, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan tsari a duniya.

Sikwensa zalla ba ta da murya, kamar yadda sandar al-Jazari ba ta da ita. Umarni kawai take aikawa, shi ya sa sai an haɗa ta da fiyano ko injin ganga. Tun 1983 kamfanoni suka daidaita kan hanya guda mai suna MIDI, waya mai kai mai ƙusa biyar. Za ka zura kai ɗaya a ramin sikwensa da aka rubuta OUT, ɗayan a ramin fiyano da aka rubuta IN. Wayar tana ɗauke da tasha 16, don haka in sikwensa na aikawa a tasha ta 3, fiyano kuma na saurare a ta 1, sai ka yi ta danne-danne ba ka ji ko ƙis ba. Sauti kuwa ba ta wannan waya yake bi ba, daga fiyano zai fita ta wata wayar zuwa mikisa da lasifika. Sai batun agogo. In na'urorin sun kai biyu ko uku, ɗaya ce za ta riƙe lokaci, tana aika ƙyaftawa 24 a kowane bugu, sauran a saita su su bi ta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanda ya taɓa zama wurin tende na maƙwabtanmu Buzaye ya san haka: mai turmi ke riƙe kiɗa, masu tafi na bin ta. Haka ruwan guga ɗaya ya riƙe makaɗan jirgin nan huɗu.

Ba shi ya fara ba, bai kuma ɓoye hakan ba. A littafinsa ya ambaci waɗanda suka gabace shi, cikinsu har da Banu Musa, 'yan'uwa uku na Bagadaza a ƙarni na 9. Su ma sun bar bayanin wata sarewa da ruwa ke busawa, mai ganga da haƙora a jiki masu buɗe ramukan sarewar. Inda al-Jazari ya yi fice shi ne yadda yake koyarwa. Kowace na'ura ya faɗi siffarta, ya bi sassanta ɗaya ɗaya da awonsu, ya zana hoto ya sa wa kowane sashe harafi, ya faɗi yadda ake harhaɗawa da yadda ake gwadawa. Har ƙananan sirrin sana'a bai riƙe ba: yadda ake manna katako falle-falle don kada ya lanƙwashe, yadda ake daidaita nauyin wili, yadda ake goge bakin murfin famfo har ya daina yoyo, da gwada abu da takarda kafin a taɓa ƙarfe.

Saboda haka aikinsa bai bi shi kabari ba. Kwafin da aka rubuta tun 1206 yana nan a ɗakin karatu na fadar Topkapi a Istanbul. Donald Hill, wani injiniya ɗan Ingila, ya fassara shi zuwa Turanci a 1974, Ahmad Yusuf al-Hassan kuma ya fitar da matanin Larabcin a Halab ta Siriya a 1979. Daga waɗannan shafuka ne masu ƙira na yau suka sake tayar da na'urorinsa har suka yi aiki.

A nan nake so mu tsaya, mu Hausawan garin nan. Allah ya ba yaranmu hannu. Akwai masu gyaran salula, masu gyaran famfo da injin wuta, masu haɗa kayan sauti. Kusan duk da ido suka koya, a bakin shagon maigida. Ran da maigidan ya koma Agadas ko Zinder, ko ya kwanta dama, rabin sana'ar ta tafi da shi, na baya ya koma lalube. A matsayina na malamin makaranta, roƙona ga samarin nan kaɗan ne. Ka sayi littafin rubutu na 'yan dinari kaɗan. Duk haɗin da ya yi maka aiki, zana shi: wace waya, daga wane rami zuwa wane, tasha ta nawa, wace na'ura ke riƙe agogo. Da Hausa ne, da Larabci ko Faransanci, da boko ko ajami, duk ɗaya ne, in dai ƙaninka zai buɗe ya gane. Iyaye kuma, in kun ga yaro ya kwance tsohuwar rediyo, kafin ku ɗauki bulala ku miƙa masa fensir ya zana abin da ya gani a ciki.

Allah ya jiƙan al-Jazari, ya sa wa hannun 'ya'yanmu albarka.