Tuna Baya: Ely Culbertson, Gwanin Karta Da Ya Ƙare Rayuwarsa A Neman Gyaran Majalisar Ɗinkin Duniya

A majalisun Bauchi, daga Wunti zuwa Kobi, idan dattijo ya ga an baje karta a kan tabarma, abin da ke fara zo masa a rai shi ne caca da ɓata lokaci, kuma bai rasa dalili ba. Sai dai a cikin wasannin karta akwai guda da ƙasashe ke gasarsa domin kofi, wanda a 1999 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar da ke kula da shi a matsayin hukumar wasanni. Sunansa birij. Mutumin da ya fi kowa yaɗa shi shi ne Ely Culbertson, wanda ya tara dukiya wajen koya wa mutum biyu yadda za su fahimci juna, daga baya ya nemi koya wa ƙasashe haka, abin ya gagara.

An haife shi ranar 22 ga Yuli, 1891, a Romaniya. Mahaifinsa injiniyan haƙar ma'adinai ne ɗan Amurka da ya yi aikin man fetur a yankin Kokasus, mahaifiyarsa kuwa 'yar Rasha ce. A Rasha ya tashi, ya yi karatu a Jeniba da Faris, ya iya harsuna da yawa. A littafin tarihin rayuwarsa na 1940 ya ba da labarin yadda ya shiga sahun masu tayar da ƙayar baya ga Sarkin Rasha tun yana saurayi, har aka ɗaure shi. Juyin juya halin 1917 ya cinye dukiyar gidansu, sai ya koma cin abinci da karta a Faris. A 1921 ya sauka a Amurka, a 1923 kuma ya auri Josephine Murphy Dillon, wadda ta riga ta yi suna a New York wajen koyar da wasan.

Kafin a gane aikinsa sai an san yadda wasan yake. Mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, kowa na fuskantar abokinsa. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13, a buga zagaye 13. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi tayi irin na gwanjo: kowane ɓangare ya faɗi yawan zagayen da ya ɗauki alkawarin ci. Wanda tayinsa ya fi tsada shi ke da alkawari. In ya cika ya sami maki, in ya gaza a ci shi tara. A 1925 attajirin nan Harold Vanderbilt ya tsara sabon lissafi a cikin wani jirgin ruwa mai suna Finland, inda babban lada ke zuwa kawai a kan abin da aka yi alkawarinsa tun farko. Daga nan tayi ya zama ran wasan.

Wahalar ita ce mutum ba ya ganin katin abokinsa, kuma an hana shi ƙifta ido, ko gyaran murya, ko sauya amo. Abin da doka ta yarda ya furta guda 38 ne kacal: tayi 35, da wucewa, da ninka tara, da sake ninkawa. Da waɗannan kalmomi kaɗai abokai biyu za su sanar da juna ƙarfin hannunsu. Shi ya sa suke ƙulla yarjejeniya tun kafin su zauna, su tsayar da ma'anar kowane tayi.

Nan Culbertson da matarsa suka yi fice. Tsarinsu ya tsaya a kan ƙafa biyu. Ta farko, a fara tayi daga ƙasa domin a bar wa juna filin musayar bayani. Ta biyu, akwai tayin da idan aka yi shi, dole abokin wasa ya amsa, komai raunin hannunsa, har a kai inda aka dosa. A watan Oktoba na 1929 ya kafa mujallar The Bridge World, wadda ta rayu bayansa, a 1930 kuma ya fitar da Contract Bridge Blue Book. A shekarar nan ya kai tawaga Landan domin karawa da Laftanar Kanar Walter Buller, wanda ke ganin tayi na kai-tsaye da hankalin ɗan wasa sun wadatar, ba sai da wani tsari ba. Bayan rabo 200, Amurkawa suka yi rinjaye da maki 4,845.

A gida kuwa tsofaffin masana, da suka ga kasuwarsu na neman kuɓuce musu, suka haɗa kai suka fitar da nasu tsarin, suka kira shi na hukuma. Culbertson ya ƙalubalanci jagoransu Sidney Lenz, ya ajiye dala 5,000 a kan dala 1,000, wanda ya ci ya ba da sadaka. Aka fara a watan Disamba na 1931 a otal ɗin Chatham, aka ƙare a Waldorf-Astoria a Janairun 1932, turmi 150, jaridu da rediyo na bin labarin kullum. Alƙalin wasan wani matashin laftana ne, Alfred Gruenther, wanda daga baya ya zama babban kwamandan rundunar NATO a Turai. Abin da aka fi tunawa a karawar shi ne rabuwar kai a ɓangaren Lenz. Abokinsa Oswald Jacoby, ɗaya daga cikin haziƙan zamanin, ya ajiye kati bayan turmi na 103 saboda saɓanin da ke tsakaninsu a kan tayi. Josephine kuwa ta zauna gaban mijinta a turmi 88 cikin natsuwa. Culbertson ya yi nasara da maki 8,980, littattafansa suka mamaye kasuwa, malaman da ke koyar da tsarinsa suka bazu a faɗin Amurka.

Akwai ƙa'ida guda da ta raba wannan yarjejeniya da maguɗi. Dokar birij ta haramta wa abokai biyu wata fahimta ta ɓoye. Duk ma'anar da suka ɗora wa tayi, abokan hamayya na da haƙƙin tambaya, kuma dole a ba su cikakkiyar amsa. A manyan gasa har rubuta tsarin ake yi a takarda a ajiye a gabansu. Zaurance ne da aka wajabta wa masu shi su fassara wa kowa. Wanda ya taɓa zama a bayan maigidansa a teburin tattaunawa ya san darajar wannan: matsayar da aka tsayar tun a ofis ita ke tsare mutum idan zama ya yi zafi, wadda aka ƙulla a ɓoye kuwa ranar tonuwarta ta fi ranar ƙullata tsada.

Sarautar Culbertson ba ta daɗe ba, kuma sauƙi ne ya kayar da ita. Ya ƙirƙiro wata dabara mai sarƙaƙiya ta tantance manyan katuna kafin a yi alkawarin cin zagaye 12 ko 13. A 1933 wani ma'aikacin inshora a Indianapolis, Easley Blackwood, ya fito da mai sauƙi: tayi ɗaya ya zama tambaya a kan yawan as da ke hannun aboki, amsa kuma ta hau mataki-mataki gwargwadon adadinsu. Culbertson bai karɓe ta da farko ba, amma 'yan wasa suka rungume ta, har yau da ita ake aiki. A 1937 a Budafes, a gasar duniya ta farko, tawagar Ostiriya ƙarƙashin Paul Stern ta doke tasa a wasan ƙarshe. A 1949 kuma Charles Goren ya yaɗa ƙidayar 4, 3, 2, 1 ga manyan katuna huɗu na kowane iri, wadda ko sabon shiga zai riƙe. Tsarin da abokai biyu za su iya tunawa a lokacin matsi ya rinjayi wanda ya fi shi zurfi. Aurensa ma ya mutu a 1938, ko da yake shi da Josephine sun ci gaba da harkar kasuwanci tare.

Daga wannan shekara ya juya ga abin da ya daɗe yana ci masa rai, wato hana yaƙi. A 1943 ya wallafa Total Peace, a 1946 kuma Must We Fight Russia?, ya jagoranci wani kwamitin 'yan ƙasa na neman gyaran Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya nemi a cire ikon hawa kujerar na-ƙi a kan batun kai hari ga wata ƙasa, a ƙayyade makaman kowa a fili tare da sa ido, a kuma kafa rundunar duniya da ƙananan ƙasashe za su sami kaso a cikinta. Tunanin teburin karta ne ya kai fagen siyasa: a amince da ƙa'ida tun kafin rikici, kowa ya san ta, kowa ya bi ta. Amma a birij akwai alƙalin da kowa ke jin maganarsa, manyan ƙasashe biyar kuwa ba su ga dalilin sakin abin da ke hannunsu ba.

Ya rasu ranar 27 ga Disamba, 1955, a Brattleboro ta jihar Vermont, yana da shekara 64. Josephine ta bi shi bayan wata uku, kuma har yau akwai wata dabarar tayi da 'yan wasa ke kira da sunanta. Kusan shekara biyar bayan rasuwarsa, a ranar 7 ga Oktoba, 1960, ɗan Bauchi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shigar da Nijeriya Majalisar a matsayin ƙasa ta 99. A 2005 ƙasashen Afirka suka cimma matsayar Ezulwini, suna neman kujeru biyu na dindindin a Kwamitin Sulhu. Jami'an Nijeriya na maimaita wannan buƙata a New York duk shekara, kujerar na-ƙi kuma tana nan a hannun ƙasashe biyar ɗin da Culbertson ya bari da ita.