NANA ASMA'U DA MATAN DA SUKA RIƘE MATA MAKARANTA

Yau za mu waiwayi tarihin uwarmu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙanta. Kowaccenku ta san sunanta, an kuwa sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai sunan nan a wurare da dama. Amma akwai wani ɓangare na aikinta wanda ba a cika faɗa ba, watau yadda ta zaɓi matan da suka taya ta tafiyar da karatun mata, da yadda ta girmama su. Wannan ɓangaren nake so mu duba, musamman ku mutanenmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, domin tarihin gidansu ya ratsa ta ƙasar Zamfara.

Tun kafin a haife ta, Shehu ya yi kamar shekara biyar yana yawon wa'azi a Zamfara, maza da mata suna taruwa suna saurare. Wani malami mai suna Mustafa Goni ya soki wannan al'amari, ya ce bai kamata mata su riƙa halartar taron ba. Sai Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba shi amsa, aka nuna masa cewa barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. Kun ga ashe a ƙasarmu aka yi wannan muhawara, shekara ɗari biyu da 'yan kai da suka wuce.

An haifi Asma'u a Ɗegel cikin 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama ƙwarai, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta, suka yi mata tarbiyya. Saboda haka tun daga yarinta ta san darajar macen da ke kula da ɗan da ba ita ta haifa ba.

Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804. A ƙarshen shekarar aka yi yaƙin Tsuntsuwa, inda jama'ar Shehu suka yi babbar hasara, har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. Ga yunwa, ga ciwo. Cikin 1805 jama'a suka gangaro Zamfara inda ake samun abinci, suka zauna a Sabon Gari wasu watanni, kana suka wuce Gwandu. Yarinyar nan ta ga duk wannan da idonta. Ta ga cewa a irin wannan hali, in babu masu daka da masu ɗebo ruwa da masu jiyya, to, karatu ma tsayawa yake yi.

An ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifi 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji ubansa a sarautar Waziri. Aure da raino ba su hana ta karatu ba. Ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, abin da ta wallafa kuwa wanda ya iso gare mu ya haura 60. Bayan rasuwar Shehu cikin 1817, ita da maigidanta sun sha aikin tattara littattafansa da adana su.

To, ga matsalar da ta tarar. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka cike suke da mata waɗanda ba su san ko yadda ake alwala da salla ba, da yawa kuma suna bin bori. Ita mace ɗaya ce, ga ta matar aure a gidan Waziri, ba ta iya bin ƙauye-ƙauye. Su ma matan auren karkara ba su iya baro mazajensu da 'ya'yansu su zo birni. Malama tana nan, ɗalibai suna can, babu mai sada su.

Dabarar da ta yi ita ce ta kafa ƙungiyar da aka sani da 'Yan Taru, wajen shekarun 1830. A kowane gari takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, kalmar da fatake ke kiran mai jan ayari da ita. Takan ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. A da, Innar Gobir, shugabar 'yan bori, ita aka sani da sa malfa. Da Nana ta ɗora wa matanta ita, kowa ya gane cewa girman ya koma wajen masu ilmi.

Ku dubi aikin jaji da kyau. Ita ke tara 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba, da dattijai mata waɗanda suka gama raino. Ita ke shige musu gaba a ƙasa, wani lokaci tafiyar kwanaki, ta san inda za a yada zango da inda za a sami ruwa. Ita ke lura da sadakar da aka aiko da ita, hatsi da zuma da man shanu da tufafi, har ta danƙa wa Nana, ita kuma ta raba wa mabukata. In sun iso, Nana ta karantar da su ta hanyar waƙoƙin da ta tsara don sauƙin haddacewa, irin wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani a ciki. Sa'an nan jaji ta komo da kowa gida lafiya, ta bi gidajen matan aure tana biya musu abin da aka koyo. Ban da wannan, matan ƙungiyar sukan duba marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su share masallaci, su sasanta masu husuma.

Abin da ya sa iyaye da mazaje suka yarda suka saki 'ya'yansu su kama hanya shi ne sun san hannun wa suka sa su. Nana kuwa ba ta ɗauki waɗannan mata 'yan aike ba. Da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, wajen 1858, ta zauna ta tsara mata marsiyya, ta yabi halinta da yadda take kawo mata ɗalibai shekara da shekaru. Alƙalamin da ya yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya bayan rasuwarsa a Wurno cikin 1837, shi ne ya yi wa wannan baiwar Allah.

Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, tana da shekara 70 da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ta ɗauka, bayanta kuma Ta Modi, mata suka ci gaba da zuwa har bayan da Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903. Da a kan ilminta kaɗai ta gina makarantar, da ranar da aka rufe ta aka rufe makarantar.

To, 'yan'uwa, mu dawo zamaninmu. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san su waye magadan jaji. Akwai uwar ɗalibai da ake kira matiron, wadda ke tashi da tsakar dare in zazzaɓi ya kama yarinya. Akwai akawun da ke adana sunanta da sakamakon jarrabawarta, wanda in ya yi sakaci da takarda guda wahalar shekaru ta tashi a banza. Akwai ma'aji da mai kula da sito, da masu girkin da ke hura wuta tun kafin asuba, da ma'aikaciyar jiyya, da maigadin da ke kwana a bakin ƙofa. Ranar rabon kyaututtuka ba a kiran sunayensu, alhali kuwa da su makaranta take tsaye.

Kun tuna da abin da ya faru a Jangebe cikin Fabrairu 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu, aka sako su bayan 'yan kwanaki. Tun daga nan tambayar farko da uwa ke yi kafin ta ɗaura wa 'yarta akwati ita ce: wa zai kula mini da ita? Tambayar nan ce Nana ta amsa tun kafin ta fara koyarwa. Tsaron makaranta nauyi ne na hukuma, kuma ya kamata hukuma ta zaɓi ma'aikatan nan da kyau, ta horar da su, ta biya su a kan kari.

Mu ma muna da namu. Ke uwa, ranar ziyara kada ki tsaya a ofishin shugabar makaranta kaɗai; nemi matiron ki gaishe ta, ki san sunanta, ki gaya mata in 'yarki tana da wata lalura. Ke kuma 'yar makaranta, ki durƙusa ki gai da mai dafa miki tuwo kamar yadda kike gai da malamarki, gama wadda ta fi mu ilmi nesa ba kusa ba haka ta yi wa nata.

Allah ya jiƙan Nana da Hauwa'u da sauran matan da suka taya ta, ya tsare mana 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.