Theresa Wallach, matar da ta ratsa Sahara kan babur a 1935

A farkon shekarar 1935, zamanin da Sarki Barma Mustafa ke kan gadon sarautar Damagaram, wasu Turawa mata biyu suka fito daga cikin hamada suka shiga Agadas da babur guda wanda injinsa ya mutu. Ɗayarsu ita ce Theresa Wallach, ƴar Ingila mai shekara 25 a lokacin. Daga Landan suka taso, kuma niyyarsu su kai birnin Kef Tawun, can ƙarshen Afirka ta Kudu. Da ba ta iya kwance inji ta ɗaure da hannunta ba, da tafiyar ta ƙare a nan ƙasar Nijar.

An haifi Theresa ranar 30 ga Afrilu 1909. Tun tana yarinya ta ƙwallafa rai ga babur, iyayenta kuwa ba su so, don a ganinsu wannan ba harkar ɗiya mace ba ce. Duk da haka ta koyi tuƙi. Da ta nemi shiga wata ƙungiyar masu babur ta yankinsu, aka ƙi karɓarta saboda mace ce. Sai ta shiga karatun injiniya a Landan, inda ta koyi yadda inji ke aiki, ta kuma fara shiga gasar tsere.

A harkar tseren ne ta haɗu da Florence Blenkiron, wadda a 1934 ta zama mace ta farko da ta sami lambar yabo ta zagaya filin Brooklands da gudun da ya wuce kilomita 160 a awa. Su biyun suka shirya tafiyar Afirka.

Sun bar Landan ranar 11 ga Disamba 1934 kan babur ƙirar Panther mai ƙarfin 600cc. An maƙala masa akwatin zaman mutum ɗaya mai tayarsa a gefe, a baya kuma yana jan ƙaramar tirela ta tanti da mai da ruwa da kayan gyara. Suka ratsa Faransa, jirgin ruwa ya tsallakar da su zuwa Alje, daga nan suka nufi kudu ta Gardaya, El Goleya, In Salah da Tamanrasat, har In Gezam a bakin iyakar Nijar.

A wancan lokaci hamadar tana hannun sojan Faransa, kuma matafiyi ba ya wuce wani zango sai da izinin kwamandan wurin. Sau da dama sai da matan suka yi doguwar jayayya kafin a bar su su wuce. Babu kwalta, babu alamar hanya in ban da sawun motocin da suka riga su, wanda iska kan share cikin dare ɗaya. Ba su ɗauki na'urar nuna alƙibla ba. Inda rairayi ya yi laushi babur ya kafe, dole su sauke kaya, su tura, su sake lodi.

Kafin su kai Agadas injin ya lalace gaba ɗaya, har sai da aka tura babur ɗin tafiyar kusan kilomita 40. Suka zauna a garin makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da kayan suka iso, suka kwance injin suka sake haɗa shi, ya tashi.

Daga Agadas suka gangara kudu zuwa Kano. Mutanen Birni da Zango sun san wannan yanki sarai, domin tsohuwar hanyar ayari da ta haɗa Abzin da ƙasar Hausa ta Damargu da Zinder ta bi. Ta nan raƙuma suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo gishiri da dabino, su koma da hatsi da tufafi da fatu, kuma da wannan ciniki ne Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimun. Zinder ce babban birnin mulkin mallakar Nijar har 1926. A ƙarshen 1924 ayarin motocin kamfanin Citroën ya yada zango a garin, da motoci takwas da makanikai da ɗimbin kuɗin kamfani a bayansa. Shekara goma bayan haka, Theresa da Florence suka ƙetare hamadar da babur ɗaya, ba makanike sai su kansu.

Bayan Kano suka juya gabas, ta Cadi da ƙasar Kwango, suka shiga Yuganda da Kenya, sannan suka miƙe kudu ta Tanganyika da Rodeshiya. Wahalar ta sake kama: maimakon ƙishirwa da rairayi, sai ruwan sama da taɓo da koguna. Sun shiga Kef Tawun ranar 29 ga Yuli 1935, bayan kusan wata takwas da tafiyar da ta haura kilomita 21,000. Ana lissafa su a matsayin mata na farko da suka ratsa Sahara kan babur. A can suka rabu, Theresa ta koma Ingila ta jirgin ruwa.

Ba ta ajiye babur ba. A 1939 ita ma ta sami lambar yabon Brooklands, kan babur ƙirar Norton mai ƙarfin 350cc. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke ta shiga aikin soja, ta yi aikin makanike, ta kuma yi aikin kai saƙonnin rundunar Ingila kan babur.

A 1947 ta tafi Amurka don yawon buɗe ido. Ta shafe shekara biyu da rabi tana zagaya Amurka da Kanada da Meziko, tafiyar kusan kilomita 51,000. In kuɗinta sun ƙare sai ta tsaya a gari ta kama ƙwadago, ta tara na mai, ta ci gaba. Daga baya ta zauna a Shikago ta buɗe shagon saida babura ƙirar Ingila da gyaransu.

A shagon ne ta fara koya wa sababbin masu saye yadda za su hau ba tare da sun kashe kansu ba, abin da ya zama sana'arta har tsufa. A 1970 ta fitar da littafi kan koyon tuƙin babur. A 1973 ta saida shagon ta koma Phoenix, a jihar Arizona, ta buɗe makarantar koyar da tuƙi. Ta kuma taimaka wajen gina ƙungiyar mata masu hawa babur ta duniya. Ta ci gaba da hawa har ta kusa shekara 90, sai da ido ya gaza. Ba ta taɓa mallakar mota ba.

Ta rasu ranar 30 ga Afrilu 1999, ranar da ta cika shekara 90 cif. Littafin da ta rubuta kan tafiyar Afirka, The Rugged Road, ya fito a 2001, bayan mutuwarta.

Hanyar da ta bi ta yi suna daga baya, musamman da aka fara tseren Paris-Dakar, wanda karonsa na farko ya ratsa Agadas a 1979. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro, daga 2009 kuma aka fitar da shi daga Afirka. Masu yawon buɗe ido kan babur sun yi ƙaranci a arewacin Nijar. Babur kuwa ya cika titunan Zinder, inda ƴan kabu-kabu ke ci da shi, wasunsu ba tare da sun taɓa zama gaban mai koyarwa ba. Theresa Wallach, wadda ta fitar da babur daga Sahara, ta ƙare rayuwarta tana koya wa mutane yadda ake taka birki da shan kwana, da yadda ake duba inji kafin a kama hanya.