ALHAJI ALHASSAN ƊANTATA (1877–1955)

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, na zaɓi in ba ku labarin wannan bawan Allah ne domin yaran da za mu koyar, yawancinsu da noma da ciniki za su ci abinci, ya kamata kuwa mu san yadda sana'a ta ke mutuwa wata ta tsiro.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877. Iyayensa Agalawa ne, watau fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Yana ƙarami ubansa Abdullahi ya rasu, uwarsa ta tafi Ankara ta bakin teku, sai wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi. Daga nan ya sami sunan Ɗantata.

A zamanin nan, ayarin Gwanja ya kan yi watanni bisa hanya. Akwai madugu, da jagaba, da masu jakuna, da 'yan alaro, da fatoma mai saukar baƙi a kowane zango, duk da goron nan su ke ci. Alhassan ya duba, ya ga jirgin ruwa yana tashi daga Ankara ya isa Ikko cikin 'yan kwanaki. Sai ya riƙa loda goronsa a jirgi, yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Goro ya iso da sauri, bai bushe ba, riba ta yawaita. Amma fa da sauran fatake suka bi sawu, ayari ya ragu, mutanen zango da 'yan alaro da yawa suka rasa abin yi.

Cikin 1912 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa Kano, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa ido rufe. Alhassan ya komo Kano ya zauna. Cikin 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja gyaɗa. Dabararsa ita ce ya ba yaransa jari tun kafin kaka, su bazu cikin ƙauyuka su saya, su kawo masa. Nan kuma aiki ya samu ga dubban mutane: dillalai, da masu awo, da maɗinka buhu, da 'yan dako, da akawuna, daga baya har direbobi. Waɗansu jakunan da suka daina zuwa Gwanja, su ne suka koma jigilar gyaɗa zuwa tasha. Da Bankin British West Africa ya buɗe reshe a Kano cikin 1929, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Mu ma a nan Barno abin ya shafe mu. Jirgi ya iso Nguru cikin 1930, gyaɗarmu ta riƙa bi ta can, kafin ya iso Maiduguri cikin 1964.

Alhaji Alhassan ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya kada su wargaza kamfanin. Allah ya jiƙansa. Bayansa gyaɗar ma ta faɗi: farin shekarun 1970, da cutar da ta kama ta cikin 1975, da komawar hankalin hukuma ga man fetur, suka tashi dalar gyaɗa ta Kano.

To, a ganina abin lura shi ne wannan. Sabuwar dabara ta kan rufe ƙofa ga waɗansu, ta buɗe ga waɗansu, kuma wanda ya rasa ba lalle shi ne zai samu ba. Ɗan alaron da bai iya lissafi ba, bai zama akawu ba. Saboda haka in mun shiga aji, mu dage wajen koyar da lissafi da karatu, yadda ko sana'ar uban yaro ta mutu, shi zai iya kama wata.