Ibnul Haisam, Malamin Haske da Inuwa

Cikin masanan zamanin da, waɗanda suka ƙare rayuwarsu wajen binciken al'amarin haske, babu wanda ya kamata mai koyon aikin malanta ya san labarinsa kamar Abu Ali Hasan, wanda Larabawa ke kira Ibnul Haisam, mutanen Turai kuwa suka karya sunan ya koma Alhazan. An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A Basra ya yi karatu, ya ƙware a lissafi da ilmin taurari da littattafan Yunanawa, har sunansa ya kai Masar.

A zamanin nan Halifa Alhakim, na gidan Faɗimiyyawa, shi ke mulkin Masar, tun daga 996 har 1021. Arzikin ƙasar duk yana rataye ga Kogin Nilu, tamkar yadda namu ke rataye ga damina. In kogin ya cika daidai a sha daɗi, in ya gaza a yi yunwa, in ya wuce kima ya cinye garuruwa. Wani marubuci wai shi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya zo bayansa da kamar shekara ɗari biyu, ya ba da labari cewa Ibnul Haisam ya yi furucin zai iya yi wa kogin dabara, ya zama ruwansa na zuwa da ƙa'ida kowace shekara. Da magana ta kai kunnen Halifa sai ya aika aka zo da shi, ya haɗa shi da magina, suka yi kudu har kusa da Aswan. Da malamin ya tsaya ya dubi girman kogin, ya kuma dubi gine-ginen mutanen farko da ke bakinsa, sai ya tabbata aikin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Ya komo ya faɗa wa Halifa gaskiya. Alhakim kuwa sarki ne mai saurin fushi, kisan bayinsa ba ya yi masa wuya. Aka ba Ibnul Haisam wani muƙami ya riƙe, amma tsoro bai bar shi ba, sai ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har Halifa ya kau a 1021. Daga nan ya koma zama kusa da masallacin Azhar, yana juyar littattafan lissafi da hannunsa yana sayarwa, da wannan ya ke ci da sha.

Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, mai kashi bakwai. Don mu gane darajarsa sai mu san abin da ya tarar. Manyan malaman Yunanawa irin su Uƙlidis da Baɗlamus sun ɗauka wani haske ne ke fita daga ido, ya tafi ya taɓa abu, sa'an nan a gan shi, kamar yadda makaho ke taɓa hanya da sandarsa. Kada kowa ya yi musu dariya, gama ranar da aka tura ɗayanmu koyarwa a Bichi ko Ɗambatta ko Makoɗa, in ya tambayi yara zai sami da yawansu a kan wannan ra'ayi, hujjarsu kuwa idon kyanwa da ke walƙiya da dare. Ibnul Haisam ya nuna al'amarin a juye ya ke. Haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Wanda ya dubi rana idonsa ya kan yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon farin abu cikin rana, in ya juya ga wuri mai duhu sai ya ga alamar abin ta biyo shi. Ashe ido karɓa ya ke yi. Idon kyanwa ma hasken fitilar mai dubanta ya ke komowa da shi, a cikin duhu sosai ba ya walƙiya ko kaɗan.

Abin da ya raba shi da yawancin na gabansa shi ne ba ya yarda da magana don girman mai ita, sai ya jarraba. Har littafi guda ya rubuta na shakkokinsa a kan Baɗlamus, duk da ya ke yana girmama shi ƙwarai. Jarrabawarsa kuwa ba ta bukatar kayan tsada. Ya leƙa wani abu ta cikin miƙaƙƙen bututu ya gan shi, ya toshe bututun ya daina gani, ya gane haske a miƙe sak ya ke tafiya, ba ya karkata ya zagaya abin da ya tare shi. To, asalin inuwa ke nan: wuri ne da wani abu ya hana haske isa. Ya kuma rubuta ƙaramin littafi a kan inuwa kaɗai, inda ya bambanta inuwa mai duhu sosai da ta gefenta mai dusu-dusu, wadda wani sashi na hasken ke samu, wani ba ya samu. Yaron da ya tsaya ƙarƙashin gawo da rani ya dubi bakin inuwarsa zai ga haka da idonsa.

Jarrabawar da ta fi kowace daɗi ita ce ta ɗaki mai duhu. Ya jera fitilu a waje, ya bar 'yar ƙaramar kafa guda a ƙofar ɗakin, sai ga ɗigon haske a jikin bango, kowace fitila da nata. In ya kāre fitilar dama, ɗigon hagu ne ke ɓacewa, in ya buɗe ya komo. Ya fahimci hasken kowace fitila na ratsa kafar a miƙe, suna giciye da juna ba tare da sun cakuɗe ba. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, inda gona ke manne da gona, ya taɓa kwanciya da rana a ɗakin jinka, ya ga zaren haske ya huda ciyawa ya faɗi ƙasa, ƙura na iyo a cikinsa. Amma kaɗan ne suka lura da cewa ko da hujin mai kusurwa ne, ɗigon da ke ƙasa kewayayye ne. Dalili kuwa, ɗigon nan surar rana ce kanta. Ibnul Haisam ya bayyana wannan cikin littafinsa na surar husufi, ya nuna in wata ya ci gefen rana, ɗigon ma sai ya zama kamar lauje. Waɗanda suka dubi ƙarƙashin itatuwa ranar husufin 29 ga Maris 2006, da aka gani a ƙasar Hausa, sun sami damar ganin ƙananan laujuna birjik a ƙasa. Wannan ita ce hanya mai lafiya ta nuna wa yara husufi, don kallon rana tsaye yana ɓata ido. Daga irin wannan ɗaki ne kuma akwatin ɗaukar hoto ya samo asali.

Game da madubi, Yunanawa sun riga sun san haske ya kan komo daga jikinsa da karkata daidai da wadda ya faɗa masa, kamar ƙwallon da aka jefa wa bango a kaikaice. Ibnul Haisam bai ɗauka a baki ba. Ya ƙera abin awo na tagulla, ya gwada madubi iri bakwai, da shimfiɗaɗɗe da masu doro da masu zurfi, ya tarar ƙa'idar ba ta sauya ba. Malamin ƙauye da ba shi da tagulla, ƙwarya cike da ruwa da ɓallin madubi sun ishe shi: ya aza a rana bakin zaure, yara su bi hasken da ke rawa a jikin azara, su karkata madubin su ga inda ya koma. A ganina darasi guda irin wannan ya fi mako guda na hadda amfani. Ya kuma yi bincike a kan yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa, abin da ke sa karan dawa ya zama kamar ya tanƙware in an tsoma rabinsa a randa.

Ba ko'ina ya dace ba. Ya zaci ƙwayar nan mai garai-garai da ke bayan baƙin ido ita ke fara jin haske, sai a 1604 wani Bajamushe, Kefla, ya nuna sura na faɗawa ne a kan fatar da ke can ƙuryar ido, kuma a kife, kamar ta ɗakin duhu. Amma a kan tushen Ibnul Haisam Kefla ya yi gini, gama an juya Manazir zuwa Latin wajen shekara ta 1200, malamai irin su Roja Bekon na Ingila suka karanta, aka kuma buga shi a birnin Basal a 1572. A gabas kuwa Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi wajen 1300, ya cika ƙwalba mai kewaye da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama, ya gano yadda bakan gizo ke samuwa.

Kogin Nilu dai ya ci gaba da cika da janyewa yadda ya saba har kusan shekara ɗari tara bayan tafiyarsa. A 1902 aka gama madatsa ta farko a Aswan, kusa da inda ya tsaya ya juyo, babbar kuwa sai a 1970.